Wutar da Imoru Ya Haɗa wa Akwatin Sidiki

A Sakasaka ta garin Tamale, in ka ce kana neman Imoru, sai a ce maka wanne, don unguwar cike take da su. Amma ka ce Imoru Rediyo, ko mai tallan nono da ta shigo daga bayan gari za ta nuna maka da haɓa: ga shi can, shagon katakon da ya jingina da bishiyar mangwaro. Mutum ne dogo, siriri, kowane yatsansa da tabon ƙuna. Magana kuwa sai ka roƙa. Ka kawo masa rediyo kana ta zuba bayani, faɗuwa ya yi, yaro ne ya zuba masa koko, shi ko kallonka ba zai yi ba. Bayan rediyon zai buɗe, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, “Ka dawo jibi.” In ya ce jibi, to jibin ne, abin da ba a saba gani wurin masu gyara ba.

Kakansa bafatake ne, da jakunan goro ya yada zango a Tamale, bai ƙara gaba ba. Ubansa ya gaji goron, ya mutu da wuri, ya bar Mma Adizatu da maza biyu. Imoru ne ɗan fari, Sidiki ne auta, tsakaninsu shekaru masu yawa da ƙananan kaburbura.

To, ɗan fari a gida irin nasu, ka san yadda abin yake. Mma Adizatu ba ta taɓa kiran sunan Imoru ba. “Mai shagon nan” take ce masa, ko “wancan”. In ya shigo gaishe ta, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, ko kusa. Ita ce ta rabu da tasoshin aurenta don a kai shi Kumasi koyon gyaran rediyo, kuma ranar da ya tafi sai da ta ɓuya bayan ɗaki ta yi kukanta. Kunya ce kawai. Da ya yi aure sai matarsa Hasanatu ta zama gada a tsakani: uwa ta faɗa mata ta kai wa ɗa, ɗa ya faɗa mata ta kai wa uwa, alhali duk a tsakar gida ɗaya suke zaune. Al'ada ce mai kyau, kowa yana yabonta, amma wallahi akwai ranar da take cin mutum.

Sidiki kuwa, kai! Duk sunan da aka hana Imoru, shi aka juye wa. Tun asuba za ka ji “Sidiki, sauko!”, “Sidiki, wa ya fasa mini ƙwarya?” Ba tasa a gidan da bai mai da ita ganga ba. Ɗakinsa kullum kamar an yi dambe a ciki, riga nan, takalmi can, Mma tana bi tana tattarawa tana faɗa, tana faɗan tana dariya. Shi kaɗai ne yake sa ta dariya har ɗankwali ya zame. Da ya zama saurayi ƙasa ta ƙuntata, samari suka yi ta kwarara Najeriya, shi ma ya bi su Legas. Can ya samu wasu makaɗa, ya fara da ɗaukar musu lasifika, ya koma gyara musu kaya, daga baya har shi ma yana bugawa. Duk matafiyin da zai zo Tamale sai ya ba shi saƙo: sabulu, sukari, wani lokaci turmin atamfa, da kalma ɗaya da ba ta canzawa, a ce wa Mma lafiya lau yake.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Aka koro mutanenmu daga Najeriya rana tsaka, ruwan sama ya ƙi zuwa, gobarar daji ta cinye abin da fari ya rage. Kowace rana manyan motoci suna sauke mutane a tasha, da katifu a ka da idanu a zurme. Mma Adizatu ta dinga zuwa tashar tana leƙa fuskoki har ƙafafunta suka kumbura.

Wata rana da hantsi wani saurayi ya tsaya gaban shagon Imoru da wani ƙunshi a ka. Sayibu ne, ɗan unguwar Kasalgu, wanda suke ɗaki ɗaya da Sidiki a Legas. Ya sauke ƙunshin a hankali kamar mai sauke ƙwai, ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai. Imoru ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai tambaya ba, don ya riga ya gane.

“A bakin iyaka ne, Yaya,” in ji Sayibu. “Mun daɗe a rana ana jiran a buɗe. Ba ruwan kirki. Zazzaɓi ya kama shi, ga gudawa. Mun yi masa sutura da abin da muka samu, amma ko yanzu ka ce in nuna maka wurin, wallahi ba zan iya ba.”

Suka yi salati. Can Sayibu ya kwance ƙunshin. Akwatin katako ne, an buga wani falanki a fuskarsa da ƙananan ƙusoshi. Da Imoru ya ɓalle falankin sai ya ga abin da bai taɓa gani ba duk shekarunsa na gyara. Faranti-faranti ne na ƙarfe jere da juna, kowanne cike da kawunan murɗawa irin na ƙara murya a rediyo, ga ƙananan ramuka birjik, ga gajerun wayoyi masu launi-launi sun sarƙe ko'ina, kowace an soka bakinta ɗaya a nan, ɗaya a can. Sayibu ya ce na'urar kiɗa ce, Sidiki yana kiranta sintesaiza, shi dai Sayibu akwati yake cewa. Ɗaya bayan ɗaya Sidiki ya tsinto farantan daga kayan da makaɗan suka yar, ya gyara, ya haɗa.

“Akwai kiɗan da ya yi wa Mma a ciki,” in ji Sayibu. “Ya daɗe yana murɗe-murɗen nan, har na gaji da shi. Ranar da ya samu abin da yake so, wallahi duk gidan hayar sai da aka fito. Abu ne kamar guɗa, kamar gangar biki, ga wani tsalle-tsalle a ciki da ban san yadda zan faɗa maka ba. Wata Bayarabiya mai abinci ta ajiye ludayi ta hau rawa. Ya ce wannan na Mma ne, sai ta yi dariyar da ba ta taɓa yi ba.”

Imoru ya juya akwatin. “Ina kaset ɗin?”

“Babu kaset, Yaya. Ya ce kiɗan yana wurin da kowane kai ya tsaya, da inda kowace waya ta shiga. In ɗaya ta motsa, ya zama wani abu dabam. Shi ya sa ya rufe fuskar.”

“Ina abin ba shi wuta?”

Sayibu ya share ido da bayan hannu. “Ya yi nauyi, mun bar shi a Legas. Ya ce ba komai, Yaya zai haɗa wani, wannan wasa ne a wurinsa.”

Nan ne Imoru ya yi kuka, a gaban yaron, da mutanen da ke wucewa.

Imoru ba mutumin kiɗa ba ne. Ko rediyon da ya gyara, da ya ji murya ta fito yake kashewa. Amma ɗan'uwansa ba shi da kabarin da za a ziyarta, ba hoto, ba murya a kaset. Abin da ya rage na Sidiki a duniya shi ne wannan kiɗan da ke kwance cikin akwati, kuma tun ranar da labari ya iso gida Mma Adizatu ba ta ƙara ko murmushi ba. Sai ya ƙudura a ransa: zai haɗa wutar nan, Mma ta ji abin da autanta ya yi mata, ta yi dariya ko sau ɗaya.

Ya samo alli ya fiƙe shi, ya bi kowane kai ya ɗiga alama daidai inda ya fuskanta, yana kaffa-kaffa don kar ya motsa wani. Barin akwatin a shago bai yiwu ba, shekarar yunwa ce, ana fasa shaguna, ga rufin yana yoyo. Ya kai shi gida, aka sa a ɗakin Sidiki tare da sauran kayansa, aka lulluɓa da zane, Mma ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Zancen dariyar bai faɗa wa kowa ba, yana so ya zo mata ba zato. Hasanatu kawai ya kira ya ce, “Ki gaya wa Mma akwai kiɗan da Sidiki ya bar mata a akwatin nan. Ina haɗa masa wuta. Kafin nan kar a taɓa shi.” Hasanatu ta je ta ce, “Mma, ya ce akwai kiɗan Sidiki a ciki, a kula kar yara su yi wasa da shi.” Mma ta ce wane yaro, ita da mabuɗi ke jikinta.

Yanzu ga aikin. Da Imoru ya leƙa bayan farantan ya karanta abin da aka rubuta, sai ya riƙe baki. Rediyo wuta ɗaya yake ci, ka ba shi ya yi magana. Wannan akwatin wuta mai hannu biyu yake so: sha biyar ta gaba, sha biyar ta baya, da wata waya a tsakiya da duka biyun za su dogara da ita. Kuma dole su zo daidai, a natse, ba rawa. In ɗaya ta fi ɗaya, ko aka juya su, farantan za su ƙone, kuma duk ƙasar ba inda za a samu irinsu. Batirin mota sha biyu yake bayarwa, bai kai ba, balle ma a lokacin wa zai ara maka batir har biyu?

A shekarar kirki, aikin mako ne. Amma a Tamale ta lokacin, ko fis ɗin rediyo sai ka san wani wanda ya san wani. Ya fara da taransifoma, wato ƙarfen da ke rage ƙarfin wutar gari. Ya samu gawar wata a cikin tsohuwar amfilifaya da ta ƙone, ya fasa, ya kankare. Wayar jan ƙarfe kuwa daga matacciyar fanka ya warware ta, siririya kamar zare, tana tsinkewa yana ɗaurawa. Ya naɗa rabi, ya fito da cibiya, wato wayar tsakiyar, ya naɗa ɗaya rabin, yana shimfiɗa takardar buhun siminti tsakanin hawa da hawa. Da ya gwada, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ya warware ya sake. Ya sake warwarewa. Ƙarfen liƙinsa na lantarki ya zama ado tunda ba wuta, sai ya koma wa na gargajiya, guntun jan ƙarfe da ake cusawa a kurfotin gawayi ya yi ja. Sababbin tabo suka hau kan tsofaffi a yatsunsa.

Ita wutar garin ma abin tausayi. Injinan da ke ba Tamale wuta man dizal suke sha, man kuwa sai an ga dama. Ta kan zo ba sallama, ta tafi ba ban kwana, wani lokaci a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba. Imoru ya rataye ƙwan lantarki ɗaya a saman teburinsa, ya zama ba ya nisa da shago, don da ya ga ƙwan ya yi ja sai ya zabura ya gwada abin da ya haɗa kafin ta gudu. Mitarsa ta auna wuta tsohuwa ce, allurar tana maƙalewa, sai ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce take gaya masa gaskiya.

Ya ji labarin wani tsohon malamin makaranta a Sagnarigu, can gefen gari, yana da talabijin da ta mutu. Ya hau kekensa, wanda tayoyinsa ciyawa aka cusa musu don ba tub, ya je ya yi ta gaisuwa har mutumin ya bar shi ya ciro manyan kwandansa biyu, waɗannan gwangwanayen da ke tara wuta su kwantar da ita. Ya dawo ya liƙa su yana murna. Wuta ta zo, ya kunna, sai ji kake fau! Ɗaya ta fashe, hayaƙi mai wari ya cika shago, tarkacen takarda har cikin gemunsa. Laifin hannunsa ne. Shekara da shekaru yana liƙa kwandansa ta fuska ɗaya, hannun ya saba, ya manta cewa a gefen baya komai a juye yake. Ya zauna a tsorace, ba don ƙarar ba, don tunanin abin da zai faru da a ce akwatin na haɗe. Daga ranar ya rantse ba zai kusantar da wutar nan ga kayan Sidiki ba sai ya tabbata da ita kamar yadda ya tabbata da sunansa.

Ana cikin haka sana'a ta mutu. Ba batir a kasuwa sai ta hannun 'yan kalabule masu kasuwar bayan fage, to wa zai gyara rediyon da ba zai kunna ba? Rediyoyi suka taru a shago masu su ba su dawo ba. A gida tuwo ya koma sau ɗaya a rana, na jar masarar agaji da ba wanda ya saba da warinta. Ƙasusuwan wuyan Imoru suka fito, rigarsa ta koma kamar ta aro. Masu shagunan kusa suna tsokanarsa, “Masta, yau ma waya ake dafawa? A sam mana romo!” Hasanatu, mace mai haƙuri, sai da ta gaza wata rana ta ce, “Maigida, maza suna can suna neman rogo a ƙauye, kai kana nan kana naɗa zare. Gwangwanin za mu ci?” Ya san tana da gaskiya, abin ya kuma yi masa zafi ƙwarai. Washegari ya tafi ƙauye neman rogon, ya dawo da ɗan abin da ya samu, ya wuce shago.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ragileta, ɗan ƙaramin abu mai ƙafa uku da ke riƙe wuta kar ta wuce inda aka ce. Na gefen gaba ya samu. Na gefen baya, duk Tamale babu. Ya roƙi wani direban lori mai zuwa Kumasi, ya zana masa lambar a bayan kwalin sigari, mutumin ya yi makonni ya dawo da wani abu dabam, yana ta washe baki yana jiran godiya. Imoru ya yi masa godiyar. Daga ƙarshe da hannu ya ƙera nasa, daga taransistocin matattun rediyoyi, ya yanko gefen tsohuwar tukunyar alminiyam ya ɗaura musu don kar su yi zafi. Duka ya zuba su cikin gwangwanin man agaji da ya huda wa ramukan shan iska. In ka gan shi ba za ka ɗauka ko a bola ba.

Haka damina ta wuce ba ruwan kirki, rani ya zagayo, har aka fara zancen sadakar shekara ta Sidiki. Sayibu tuni ya gangara kudu neman aikin gona, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mma Adizatu ta rame, ta ƙanƙance, idanunta suka fara hazo. Yini take a ƙofar ɗakin autanta da carbi.

Ana gobe sadakar, wajen azahar, ƙwan shagon ya kama. Imoru ya haɗa gwangwanin, ya ɗora mita a gefen gaba, ya ƙwanƙwasa gilashi: sha biyar. Ya koma gefen baya: sha biyar. Ya rataya musu ƙwayayen fitila don su ji nauyi, allura ba ta motsa ba. Ya jira gwangwanin ya ɗumama, ya sake aunawa, tana nan inda take. Sai ga Imoru Rediyo yana dariya shi kaɗai a shago, har mai gyaran keke na kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Ya cire gwangwanin, ya ɗauki ƙaramar lasifika, ko ƙofar bai tsaya kullewa da kyau ba. Sauri yake kamar zai tashi sama, yana addu'a kar wutar ta tafi kafin ya isa.

Da ya shiga gida sai ya tarar da igiyoyin shanya cike da kayan Sidiki. Riguna, wanduna, har hular da yake sawa yana yaro. Haka ake yi, kayan mamaci ba a bayar da su sadaka da datti, sai an wanke an gyara. Hasanatu tana bakin rijiya tana matse na ƙarshe. Ƙofar ɗakin Sidiki a buɗe take.

Mma Adizatu tana zaune kan tabarma a ciki, akwatin yana gabanta, yana ƙyalli.

Ta goge shi tas. Ta bi farantan da tsumma mai ɗan man kaɗanya har suna ɗaukar ido, ba ɗigon alli ko ɗaya. Kawunan murɗawar duk ta daidaita su, kowanne ya fuskanci sama kamar sahun salla. Wayoyin kuwa ta zare su gaba ɗaya, ta naɗe kowace a yatsa yadda ake naɗe zare, ta jera su cikin kwano, ja da ja, shuɗi da shuɗi.

Da ta ji inuwarsa a ƙofa sai ta juya fuska ga bango, ta ɗaga murya yadda Hasanatu za ta ji. “Ki ce wa mai shagon nan na gyara wa ƙanensa kaya. Yaron nan har ya koma ga Allah bai iya ajiye abu a kintse ba. Dubi yadda ya cukurkuɗa igiyoyi! Tun safe nake fama.” A muryarta akwai wani ɗan daɗi da Imoru bai ji ba tun shekara guda, daɗin uwa da ta samu abin yi wa ɗanta.

Imoru ya tsaya da gwangwani a hammata. Ya lumshe ido yana neman hoton fuskar akwatin a kansa. Akwai wata ja da ta taso daga sama ta hagu, ta tafi ina? Akwai rawaya biyu da suka gitta juna. Sauran fa? Ramukan sun fi a ƙirga, kawunan haka, shi kuwa duk watannin nan bayan akwatin ya sani, gabansa tsoron kallo ma yake don kar hannu ya kai. Ba shi a kansa. Ba shi a kan kowa.

Hasanatu ta iso bayansa da hannu jiƙe. Ta kalli kwanon wayoyi, ta kalli fuskar mijinta, sai ta dafe baki. Ya ɗan girgiza mata kai. Me za a ce? A gaya wa tsohuwar nan cewa da hannunta, da tsummanta, ta share abu na ƙarshe da autanta ya bar mata? Wannan ba zai fito daga bakinsa ba ko za a yanka shi.

“An gama wutar ne?” Mma ta tambayi bango.

“An gama, Mma.”

“To a kunna in ji, kafin su ɗauke.”

Ya durƙusa. Ya jawo waya daga soket ɗin tsakar gida, ya haɗa gaba da gaba, baya da baya, tsakiya da tsakiya, ya duba, ya sake dubawa, don hannu ba ya manta aikinsa ko zuciya ta mutu. Ya ɗauki waya ɗaya daga kwanon, ya warware, ya soka bakinta a farantin da ya ga alamar shi ke haifar da sauti, ɗaya bakin ya kai ga lasifika. Ya kunna.

Ƙara ce ta fito, siririya, guda ɗaya, miƙaƙƙiya. Ba ta hawa, ba ta sauka, ba ta numfashi. Wiiii kawai, haka nan, ba iyaka.

Mma Adizatu ta karkata kai tana saurare. Aka daɗe. Ɗan hasken da ke fuskarta ya dinga ja da baya har ya ɓace.

“Wannan ne?” ta ce.

“Shi ne, Mma.”

“Wannan ya ce a kawo mini?”

Imoru ya sunkuyar da kai. “I, Mma.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Hawaye suka fara bin kuncinta, ba ta share ba. “Sabulu yake aiko mini,” ta ce. “Sukari. A ce wa Mma lafiya lau. Ni kuma ina ta rabawa maƙwabta ina cewa ɗana yana jin daɗi a Legas. Ashe haka cikinsa yake. Ashe kuka yaron nan yake yi shi kaɗai a garin mutane, ba wanda ya sani. Wayyo Sidiki, me ya sa ba ka dawo gida ba?”

Imoru ya kasa jurewa. Ya miƙa hannu ga kawunan, ko zai murɗa wani ya samu ɗan tsalle, ɗan guɗa, ko mene ne da zai yi kama da abin da Sayibu ya faɗa. Kafin yatsansa ya kai, sai ya ji hannunta a kan nasa, busasshe, mai sauran maiƙon kaɗanya.

“A'a,” ta ce. “Kar ka yi masa kwalliya. Ya fi ka sanin abin da yake son gaya mini. Bar ni in ji shi duka.”

Ya janye hannun. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, Hasanatu tana sheshsheƙa a bayansa, uwarsa ta matso da kunnenta jikin lasifika. Wutar gari ranar ba ta yi saurin tafiya ba. Gwangwanin kuwa ko gezau bai yi ba, yana ta ba da sha biyar gaba, sha biyar baya, daidai yadda aka gina shi.